Yadda ake amfani da kalmar "very" ta Turanci ba tare da tuntuɓe ba

Da wuya ka duba takardar Turancin ɗalibi ba ka ci karo da "very" sau goma ba. Asalinta daga tsohon Faransanci ne, "verai", wato gaskiya. Aikinta ƙarfafa magana, kamar ƙwarai, sosai ko ainun a wajenmu.

Da farko, san mazauninta. Mu ƙarfafawarmu baya take biyowa: ya gaji sosai, fari fat, baƙi ƙirin. Ita kuwa gaba take shiga: "very tired", "very black".

Sai ka duba abin da za ta raɓa. Sifa take so, kamar "very hot", ko bayanau, kamar "very slowly". Ba ta tsayawa gaban aikatau. Wanda ya ce "I very like it" ya kauce, daidai shi ne "I like it very much". Wajen kwatanta abu biyu ma "much" ce mai aikin: "much better".

Mataki na uku shi ya fi damuna, domin nan mutanenmu suka fi zamewa. "Very" daban, "too" daban. In ka ce shayi "very hot", da zafi ƙwarai amma yana shawuwa. In ka ce "too hot", zafin ya wuce kima, ba ya shawuwa sai ya huce. Ƙorafi ne a cikin "too". Saboda haka in an karrama ka da kunun aya ka ce "it is too sweet" da niyyar yabo, ka gaya wa mai gida sukari ya yi yawa ke nan. Ka ce "very sweet", ko ma "delicious".

Na huɗu, kada ka ɗora ta kan kalmar da ta riga ta kai maƙura, irin "excellent", "perfect" da "freezing". Kamar ka ce "ja wur sosai" ne. In ƙarfafawar ta zama dole, "absolutely" ce ke shiga nan.

Tana kuma zama gaban suna, inda tsohuwar ma'anarta ta gaskiya ke leƙowa: "the very man" shi ne ainihin mutumin, "this very day" kuma yau ɗin nan.

In ka gama rubutu, musamman na jarrabawar WAEC ko NECO, koma ka ƙirga su. Inda ka sa "very big" gwada "huge", inda ka sa "very tired" gwada "exhausted", ka bar "very" ɗaya ko biyu a inda nauyin maganar yake.