Mai zuwa Banc d'Arguin, ka fara tambayar lokacin cikowar teku

'Yan uwa, in Allah ya kai ku kallon tsuntsaye a gandun Banc d'Arguin da ke gaɓar tekun Muritaniya, kada ku biya kuɗin kwalekwale sai kun tambayi masunta ƙarfe nawa ruwa zai ciko.

Ruwan wajen ba shi da zurfi. Da ya janye, sai laka da ciyawar teku iya ganinka, tsuntsaye kuma duk sun watse neman abinci can nesa. In ya ciko kuwa, dole su taru a 'yan tudun yashi kusa da tsibirin Tidra, ka gan su dab da kai.

Ni na yi gaggawa a ƙauyen Iwik, muka kafe a laka, rana na dukanmu, ga kuɗi na riga na biya.

Amma fa an hana kwalekwale mai inji, masuntan wajen, 'yan ƙabilar Imraguen, da iska suke tafiya. Ranar da iska ta kwanta, dabarar nan ba ta aiki. Haka in hunturu ya wuce, yawancin baƙin tsuntsayen sun koma arewa.