Matakan da namiji zai bi kafin ya nemi allurar testosterone

Testosterone sinadari ne da 'ya'yan maraina ke samarwa, kuma yana da hannu a sha'awa da samar da maniyyi da ƙarfin ƙashi da tsoka. Yana raguwa sannu a hankali idan girma ya fara kamawa, kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, amma wannan kaɗai bai isa a kira shi cuta ba.

A fara da gwajin jini, domin kasala da raguwar sha'awa da tumbi alamomi ne da ciwon sukari ko damuwa ma ke kawowa. A ɗebi jinin da safe kafin ƙarfe 10, tun ba a karya ba, saboda a lokacin ne sinadarin ya fi yawa, sannan a maimaita wata rana daban. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ɗauki ƙasa da nanogiram 300 a kowace desilita a matsayin ƙaranci, shi ma sai an haɗa da alamomi.

Idan ƙarancin ya tabbata, sai a nemi dalilinsa. Ƙiba tana rage shi, haka nan shan tramadol ko kodin na dogon lokaci, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Shikago a 2011 ya nuna cewa samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa 5 na mako guda sun yi asarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na sinadarin.

Likita kan rubuta allura ko man shafawa, amma akwai tambayar da ya wajaba a amsa tukuna, wato ko mutum yana son haihuwa nan gaba. Da zarar ƙwaƙwalwa ta ji sinadarin ya wadata daga waje, sai ta daina umartar maraina su yi aiki, ƙwayoyin haihuwa su ragu ƙwarai, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni bayan an daina. A ganina wannan ne abin da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, musamman sababbin angwaye da masu shirin ƙara aure. Maganin yana kuma sa jini kauri, don haka ana bibiyar jini da lafiyar furostet (wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), kuma ba a ba mai kansar furostet ko ta nono.

Wanda gwajinsa ya fito lafiya kuma tsoka yake nema, ya ɗaga ƙarfe sau 2 ko 3 a mako yana ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, ya riƙa cin kimanin giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa kullum, daga wake da ƙwai da kifi da awara da nono. Allurar da ake sayarwa a bayan fage a wuraren motsa jiki tana ƙanƙantar da maraina, tana fito wa namiji da nono, tana kuma jigata zuciya.