Yadda Ake Rubuta Labarin Bokan da Ya Yi Jayayya da Abin da Ya Hango

Marubucin da yake son gina ƙagaggen labari a kan boka mai fafutukar kare jama'arsa daga halakar da aka riga aka hango yana da tushe a gida. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo labarin Barbushe, babban mai tsafin Tsumburbura a dutsen Dala, wanda ya shaida wa mutanensa cewa wani baƙo zai zo da runduna ya mallaki ƙasarsu, idan ba a zamaninsu ba to a zamanin 'ya'yansu. Baƙon, wato Bagauda, sarkin Kano na farko, ya iso, bisa lissafin Palmer, a shekarar 999. Barbushe dai ya faɗa ne kawai. Aikin marubuci shi ne ya ƙirƙiro wanda ya ji maganar ya ƙi yarda.

Abu na farko shi ne a furta hasashen tun a babin farko, cikin jimla ɗaya ko biyu, kuma mai karatu ya gaskata shi. Marubuta da yawa suna ɓoye ƙarshen don su ba da mamaki, amma a irin wannan labari fargaba ce take riƙe mai karatu, domin ya san inda za a ƙare, hanyar ce bai sani ba. Ya fi kyau maganar ta zama mai harshen damo. Idan iskoki suka ce garin zai faɗi ranar da tsamiyar tsafi ta sha jinin ɗan gida, bokan zai ɗauka jinin ɗan sarki ake nufi, ya kwashe shekaru yana tsare yaron, alhali jinin shi bokan ake nufi.

Daga nan sai a sa kowane yunƙuri nasa ya matso da abin da yake gudu. Ya kori baƙon maƙeri saboda zargi, sai maƙerin ya je ya ƙera wa abokan gaba makamai. Ya hana farauta a kurmin tsafi don ya faranta wa iskoki, sai yunwa ta sa samari su fara yi masa kallon azzalumi. A nan ya kamata a daɗe, domin nan ne labarin yake samun nauyi. Kowane tsafi kuma a ɗora masa farashi mai ƙaruwa: baƙar kaza da farko, sai baƙin bunsuru, sai ganinsa na ido ɗaya, sai abin da ba zai iya gaya wa matarsa ba. Bokan da yake kaɗa sanda a sami biyan bukata kyauta ba ya ba kowa tausayi.

Wajen kayan aiki, a kiyaye haɗa abin da bai haɗu ba. Boka mai saiwoyi da surkulle daban, ɗan bori da aka yi wa girka yake hawa idan an kaɗa garaya ko goge daban, malami mai bugun ƙasa kuma daban. Idan an aro iskokin bori irin su Inna, Kure ko Sarkin Rafi, a bar wa kowanne halinsa, ko kuwa marubuci ya ƙirƙiri nasa. Sanya labarin kafin zuwan Wangarawa, waɗanda suka kawo Musulunci Kano a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), yana sauƙaƙa wa marubuci, don ba sai ya riƙa tsayawa yana wa'azi a tsakiyar fage ba. Masu karatu sun san bambancin labari da aƙida.

A babin ƙarshe kada a aiko masa da ceto daga sama, kuma kada a bar shi ya mutu banza. A ba shi zaɓi ƙarami guda ɗaya da hasashen bai ambata ba, kamar ya buɗe ƙofar baya yara da tsofaffi su fice cikin dare, shi kuma ya koma gindin tsamiya ya zauna yana jiran ƙarar kofatan dawaki.