Kurakuran da muke yi wajen zaɓen manhajar rubuta salsalar gida

Bayan rasuwar gwaggona, wadda ita ce ta riƙe sunayen kakanninmu kaf a ka, na ɗauki alƙawarin rubuta salsalar gidanmu kafin sauran tsofaffin su tafi. Na sauke wata manhaja a waya don kawai bishiyar da take zanawa ta min kyau, na yi wata biyu ina zuba sunaye, sun fi ɗari biyu, ranar da na so in kwashe su in kai kwamfuta sai ta ce sai na biya kuɗin shekara da dala. Wallahi da hannu na sake kwafe su ɗaya bayan ɗaya. To wannan shi ne kuskure na farko kuma mafi ciwo, mutum ya shiga ɗaki bai duba inda ƙofar fita take ba.

Gyaran kuwa ba wuya. Kafin ka sa sunan kowa, ka duba ko manhajar tana fitar da fayil ɗin GEDCOM, galibi a wajen da aka rubuta Export. Shi GEDCOM wani tsari ne da cocin Mormon ta Amurka ta ƙirƙiro a 1984 don manhajoji daban-daban su iya karanta bayanan juna, samfurinsa mai lamba 5.5.1 shi aka fi amfani da shi, na 7.0 ya fito a 2021. Sa mutum goma kawai na gwaji, fitar da fayil ɗin, buɗe shi a wata manhajar ka ga me ya iso me ya zube a hanya. Kuma ka sani tsohon GEDCOM ba ya ɗauko hotuna, adireshin inda suke kawai yake rubutawa, saboda haka hotunan ka ajiye su daban a filash. Kar ka ce ai kamfanin babba ne ba inda za shi, manhajar PAF da mutane suka yi shekaru suna amfani da ita an daina kula da ita a 2013, Ancestry ma, wato babban shafin binciken salsala na intanet, ta saki manhajarta Family Tree Maker, wani kamfani ya saye ta a 2016.

Na biyu, kuma nan ne namu ya bambanta, shi ne ɗaukar manhajar da ba ta san irin gidajenmu ba. Yawancinsu an gina su ne a kan miji ɗaya mata ɗaya da sunan gida guda da kowa ke gado. Mu fa? Kakana ya auri mata bakwai a rayuwarsa, huɗu a lokaci ɗaya, ɗaya ta fita ta yi wani auren ta haihu sannan ta yi kome. Idan manhaja ba za ta bar ka ka buɗe wa kowace mata ɗakinta da 'ya'yanta ba, nan da nan 'yan uba za su koma 'yan ɗaki ɗaya a rubuce, kuma irin wannan kuskuren in ya shiga hannun jikoki har maganar gado sai ya ɓata. Sai ɗan riƙo, yaron da aka bai wa inna ko kawu tun yaye, ya tashi yana kiran su Baba da Inna, dole a sami wurin da za a nuna wane ne ya haifa wane ne ya riƙa. Haka ma shayarwa, ni a wajen ƙarin bayani nake rubuta ta tunda tana haramta aure. Ga auren zumunci, inda mutum ɗaya zai fito ta wajen uwa ya kuma fito ta wajen uba, to kar ka shigar da shi sau biyu, ka haɗa shi ne da wanda ka riga ka sa.

Suna ma haka. Akwatin da suka ware wa sunan gida, mu sunan uba ne a nan, wani kuma sunan gari ne kamar su Aminu Kano da Shehu Shagari, in ka bar manhaja tana liƙa wa 'ya'ya sunan da kanta sai ka tarar ta ba jika sunan kakansa a matsayin uba. Kuma saboda alkunya, tsohuwa sai ta shekara tamanin ana ce mata Ladi ko Iya, sunanta na yanka mutum biyu ne suka sani. Nemi mai karɓar suna fiye da ɗaya ga mutum. Gwada sa wa manhajar sunaye irin su Ɗanladi da Ɓaidu da Ƙasimu ma, in haruffan masu lanƙwasa suka koma alamar tambaya bayan ka fitar da fayil, bar ta.

Kwanan wata kuma, don Allah a daina ƙirƙirar 1 ga Janairu don kawai akwati ya cika. Tsofaffinmu cewa suke shekarar da Turawa suka ci Kano, 1903 kenan, ko zuwan Sarauniya, 1956, ko shekarar da aka kashe Sardauna, 1966, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Manhaja mai kyau za ta bar ka ka sa wajen shekara kaza, ko kafin, ko bayan. Wata manhaja mai suna Gramps ta iya wannan, har kalandar Hijira tana da ita, kyauta ce, ba ta cin data tunda a kan kwamfutarka take zaune, ni dai ita na riƙe. Amma gaskiya tana da wuyar sabo a makon farko, kuma aikin kwamfuta ce ba ta waya ba.

Wani kuskuren shi ne biyan kuɗi da zaton za a nemo maka kakanni. Ƙarfin shafuka irin su Ancestry da MyHeritage yana cikin takardun ƙidaya da na coci da na jiragen ruwa na Turai da Amurka, in kakanka a Gumel ko Maraɗi ya rayu ya mutu da wuya ka gan shi a can, sai dai in kana bin sawun dangin da suka yi ƙaura zuwa waje.

FamilySearch, ita ma shafin salsala ce a intanet, kyauta ce, amma ka fahimce ta tukuna. Bishiya ɗaya ce ta kowa da kowa, duk mamacin da ka sa wani zai iya zuwa ya canja masa uwa ko gari. Kuma mallakar cocin Mormon ce, waɗanda a aƙidarsu suke yi wa kakanninsu da suka mutu baftisma a madadinsu, ya kamata ka faɗa wa manyan gida wannan kafin ka ɗora sunan kowa. Masu rai kuwa, musamman mata da yara, ni ba na ɗora su a intanet ko kaɗan. MyHeritage da kanta ta sanar a 2018 cewa an sace imel ɗin mutum wajen miliyan 92 daga wurinta.

Saura wurin rubuta wa ya faɗa maka. Da yawa ba sa ko duba shi lokacin zaɓe, alhali mu hujjarmu bakin tsofaffi ce. Kawu ya ce kakanmu daga Borno ya zo, inna ta ce a'a daga Agadas ne, kar ka zaɓi ɗaya ka goge ɗaya, sa duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da kuka zauna, in ka naɗi muryarsu a waya ka liƙa ta a jikin sunan.