Kurakuran Da Ake Maimaitawa Wajen Gyaran Kuloci Da Giyabos Na Fijo 504

Tun da aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna a shekarar 1975, 504 ta zama motar da kusan kowane bakanike yake ganin ya san ta ciki da waje, kuma wannan sabo ne yake sa masu farfaɗo da ita a yau suke tafka kurakurai iri ɗaya.

Babban kuskure shi ne sauke giyabos da zarar giya ta fara gurnani ko ta ƙi shiga. Kulocin 504 da mai yake aiki: akwai kulocin sama da ke haɗe da feda, akwai kulocin ƙasa da ke jikin giyabos, man birki kuma yana tafiya tsakaninsu. A motar da ta shekara da shekaru a ajiye, robobin cikinsu ne suke fara lalacewa, ba haƙoran giya ba. Gwajin kuma ba ya cin ko sisi. A kashe inji a gwada kowace giya. Idan duk sun shiga sumul, amma da an tayar da inji suka fara gardama, musamman ribas, to kuloci ne ba ya saki sosai. A taka feda sau da yawa a jere, a sake gwadawa. Idan giyar ta shiga, iska ce ta shiga layin, ko kuwa roba ta gaji. Sai idan giya ɗaya tak ce take ƙara, galibi ta biyu, sauran kuma lafiya lau, sannan ake zargin zoben tagullar da ke cikin giyabos.

Wani gareji ya taɓa sauke mini giyabos, ya wargaza shi, ya caje ni kuɗin zobba da boris, motar ta dawo da gurnaninta yadda ta tafi. Daga baya da aka janye robar da ke rufe bakin kulocin ƙasa, sai ga man birki ya taru a ciki, baƙi ƙirin. Wannan ba rashin sa'a ba ne, ganganci ne, domin ɗaga roba ɗaya bai kai minti guda ba. A 504 kuwa sauke giyabos ba wasa ba ne, saboda bututun da ya haɗa shi da akushin baya, wato inda ake raba ƙarfi ga tayoyin baya, sai an raba shi tukuna. Duk wanda ya ce a sauke kafin ya leƙa ƙarƙashin mota, ni dai ɗauke motata nake yi.

Kuskure na biyu shi ne rowa bayan an riga an sauke. Mutum ya biya kuɗin aiki mai yawa, sannan ya sauya farantin kuloci kaɗai, ya bar tsohon murfin da ke danne farantin da tsohon boris na kuloci, wai ai da sauransu. Kamar wanda ya rushe katanga ne don ya cire tubali ɗaya, ya mayar da sauran rubabbun. Al'adata ita ce in sauya ukun a tare, in shafa fuskar filawil, wato faifan ƙarfen bayan inji da faranti ke kamawa, da yatsa don jin ko ta yi zane, in duba ko ta yi shuɗi saboda zafi. Idan kuma aka ga tsohon faranti ya jiƙe da baƙin mai, to sabon ma haka zai jiƙe, ya fara sulɓi ko kakkarwa wajen tashi, matuƙar ba a toshe inda man yake yoyo daga bayan inji ko gaban giyabos ba.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata rai. Giyabos mai giya huɗu na wannan mota man inji kamfanin ya tsara masa, don haka zuba masa man giya mai kauri yana sa giya tauri da safe, musamman lokacin hunturu. Kada a kuskura a zuba man inji a tukunyar kuloci, domin yana kumbura robobi. Faranti yana da gaba da baya, kuma akan ɗaura shi a juye bisa kuskure. Idan giyabos ya ƙi zama wajen mayar da shi, faranti ne bai daidaita a tsakiya ba. Jawo shi da ƙarfin kusoshi lanƙwasa farantin yake yi.

A motocin da giyarsu ke jikin sitiyari, lalubo giya da ƙyar yawanci daga cinyewar bushin sandunan da ke haɗa giyar da giyabos yake. Motar da ta daɗe a tsaye kuma, tsatsa kan manne farantinta da filawil. Ni nakan bar injin ya yi zafi, in kashe, in sa giya ta ɗaya a fili marar jama'a, in tayar da shi ina take da kuloci har ya ɓalle.