Yadda ake gane siginar bogi a gwajin niyutron

Mai binciken da ya harba niyutron, ƙwayoyin cikin atom marasa cajin lantarki, a kan kiristal na YBCO, sinadarin nan mai jan ƙarfe wanda lantarki ke ratsa shi ba turjiya a ƙasa da digiri 93 na Kelvin, ya kamata ya zargi kowane tudu da ya bayyana a jadawalinsa, domin siginar maganaɗisu da yake nema tana da rauni ƙwarai, kuma abubuwan da ke kwaikwayonta suna da yawa.

A fara da na'urar kanta. Kiristal ɗin da ke zaɓen niyutron yakan bar wasu masu rabin tsawon zangon igiyar da ake so su wuce, waɗanda kuzarinsu ya ninka na sauran sau huɗu, shi ya sa ake sanya matatar girafait tare da tsayar da kuzarin ƙarshe, wato na niyutron bayan sun bar samfurin, a 14.7 meV (meV ma'aunin kuzari ne). Matatar ba ta tare su duka. Saboda haka a sauya kuzarin ƙarshe a sake awo: siginar gaskiya za ta tsaya inda take, ta bogi kuwa ta gusa ko ta ɓace.

Daga nan a cire kiristal ɗin YBCO a auna mariƙinsa shi kaɗai, domin alminiyam ɗin mariƙin yana da nasa layukan a jadawali, gam ɗin da aka manna samfurin da shi kuma cike yake da haidurojin mai warwatsa niyutron ko'ina.

Abu mafi wuya shi ne girgizar atom. Siginar maganaɗisu ta 41 meV da masanin kimiyya Rossat-Mignod da abokan aikinsa suka gano a Faransa a 1991 tana maƙwabtaka da wata girgiza ta oksijin, har sukan haɗe a ido. Ana raba su ta hanyar maimaita awon a babbar kusurwa, inda siginar maganaɗisu ke raguwa yayin da ta girgiza ke ƙaruwa. A kuma ɗumama samfurin ya haura digiri 93, tunda wannan sigina tana dusashewa a nan, girgizar kuwa tana nan daram.

Idan shakka ta saura, sai a nemi lokaci a cibiyar binciken niyutron irin ILL da ke Grenoble a Faransa, a yi aiki da niyutron da aka jera maganaɗisunsu wuri guda. Hanyar tana yanke gardama, amma tana rage yawan niyutron sosai, don haka a tanade ta don ɗigon jadawalin da ake taƙaddama a kai.