Babi na 6: Tabarmar Ƙungiya

Darasi na 1: Tara kaya

Iyayena da 'yan uwana, wannan tabarma ta mu duka ce. Kowace mace za ta saƙa layi ɗaya dogo, daga baya a ɗinke su wuri guda. A samo kaba, wato ganyen ƙaramar goruba, a shanya, a tsaga. Karan dafi yana ba da ja, gangamau kuma rawaya. In ba a samu ba, a ba mai zuwa kasuwa sautun garin rini, ko Wudil ranar Juma'a, ko Maigatari ranar Alhamis.

Kowa ta rubuta sunanta a littafin ƙungiya da hannunta, launinta a gefe. Rubutun boko daga hagu yake farawa, ba kamar na allo ba. Ko harafin ya karkace, ba komai, a hankali za a iya.

Darasi na 2: Awo

A nan ake yawan samun matsala, don haka ku nutsu.

Shugaba ta yanko kara, tsawonsa faɗin yatsu 4. A yanka wa kowa irinsa daidai. Shi ne ma'auninki. Faɗi shi ne daga wannan gefe zuwa wancan, ba daga sama zuwa ƙasa ba.

Ki yayyafa wa kaba ruwa ta yi laushi. Ki saƙa kamar taƙi ɗaya, ki tsaya, ki ɗora karan a gicciye. Layin ya wuce karan? Kin saki hannu, ki warware. Bai kai ba? Kin matse da yawa, ki warware. Ya yi daidai? Madalla, ki ƙara taƙi ɗaya, ki sake aunawa.

Kada ki auna da yatsunki. Yatsun Inna da na amarya ba ɗaya ba ne. Da kara za ki auna. In kin tashi duba tukunya kin dawo, ki auna. In hira ta yi daɗi, nan ne hannu yake sakewa, ki auna. In kaba ta bushe a hannunki, ki jiƙa, sannan ki auna.

Haba iyayena! Wasu sai su ce tun suna 'yan mata suke saƙa, ido ya ishe su. Tabarmar ɗakinki ce waccan. Wannan hannu da yawa ne a kanta, layi ɗaya in ya ƙanƙance sai duk ta tattare, wahalar kowa ta tashi a banza. Wadda ta bar karanta a gida ta koma ta ɗauko. Ba raini ba ne, ku yi haƙuri, amma ba zan karɓi layin da ba a auna ba.

Darasi na 3: Ɗinki

A jera layukan a tsakar gida, a yi shawarar inda kowane launi zai zauna. A ɗinke da basilla, gefe da gefe. Kafin a ɗinke, a sake aunawa.

Darasi na 4: Lissafi

A rubuta kuɗin kaba da na rini. In an sayar, a cire su, a raba saura.